Aron Kwana Bakwai

Ban san uwata ba. Ta rasu jim kaɗan bayan ta haife ni, a unguwar masunta ta Gashuwa, can bakin kogi. Ubana ma bai daɗe ba, ina shekara biyar ya bi ta, abin da nake tunawa da shi kawai tsayinsa ne da warin kifin da ke jikin rigarsa. Wadda na buɗe ido na gani ita ce Gwaggo, yayar ubana, a Nguru. Ita ta raine ni, ita ta dake ni, ita ta koya mini ɗaurin kwando wanda ko daga saman mota aka jefo shi ba zai kwance ba. Allah bai ba ta haihuwa ba. Aure uku ta yi ta fito, daga nan ta ce maza sun ishe ta haka, ta kama sana'a.

Sana'ar banda ce. Masu mota su kawo mata busasshen kifi daga Gashuwa da ƙauyukan fadama, mu zazzage a tsakar gida, mu ware tarwaɗa gefe, karfasa gefe, mu fitar da wanda ƙwaro ya ci, mu jera a kwanduna. 'Yan kasuwa Ibo da Yarbawa su saya su loda a jirgin ƙasa zuwa kudu. Gidanmu na bayan tasha, kuma duk wanda ya zauna kusa da ni a firamare ya san abin da muke sayarwa ba sai an faɗa masa ba. Na fasa wa yara biyu baki a kan haka, daga nan aka shafa mini lafiya.

Wanda na so kuwa direba ne, a-kori-kura yake ja tsakanin Gashuwa da Nguru, Talata da Asabar. Siriri ne, mai dogon wuya, ga shirun da ke ba mutum haushi. Ranar da ya fara kawo mana kaya ina da shekara goma sha tara, na buɗe na tarar rabin kifin ya zama gari saboda yadda ya danne shi. Na wanke shi tas a ƙofar gida, har masu dako suka tsaya kallo. Asabar da ya dawo, sai na ga ya shimfiɗa ciyawa tsakanin kowane kwando da ɗan uwansa, ko ɗaya bai karye ba. Ya tsaya yana kallona yana jiran abin da zan ce. Na ce da sauƙi dai. Ya yi dariya, ni ma ta kufce mini.

Shekara biyu muka yi a haka. Bayan la'asar in ya sauke kaya sai ya zauna a dakalin ƙofar gida, ni ina surutu shi yana gyaɗa kai. Shi ma maraya ne. Haihuwar Gashuwa ne, amma uwarsa ta rasu yana shekara shida, ubansa ya riga ta, sai baffansa ya ɗauke shi zuwa Jakusko, can ya girma. Ba wa, ba ƙane. Ina sonsa, kuma ban taɓa jin kunyar faɗa ba, ko a lokacin da ba a faɗar irin wannan. Gwaggo ma ta yarda da shi, ita da ko ladanin unguwarmu sai ta samo masa aibu.

Da kaka, wajen tsakiyar shekarun tamanin, shekarar da kogi bai cika sosai ba, matan danginsa suka kawo kayan na-gani-ina-so. Su huɗu ne. A cikinsu akwai wata tsohuwa, ƙanwar kakarsa, kunnenta ɗaya ya mutu amma bakinta lafiya lau. Aka kira ni na gaishe su. Ta dube ni, ta sake dubana, ta tambayi Gwaggo 'yar wace ce a Gashuwa. Gwaggo ta faɗi sunan ubana da na uwata.

Tsohuwar ta ce, "Wadda ta rasu wajen haihuwa, a bakin kogi? To ai makwabtan uwarsa ne, zana ce kawai tsakani." Ta tauna goronta. Can ta ce, "Ni dai ban gani ba. Amma kamar na taɓa jin an ce uwar tasa ce ta ba jaririyar nan nono."

Babu wadda ba ta san hukuncin ba a cikinmu: matar da ta shayar da ke ta zama uwarki, ɗanta ya zama ɗan uwanki, aure ya haramta har abada. Na so in cusa wa tsohuwar nan sauran goron a baki, amma na durƙusa ina kallon tabarma. Suka tashi jiki a sanyaye. Kayan ba a karɓa ba, ba a mayar ba, Gwaggo ta tura su ƙarƙashin gado.

Suna fita na tare ta. Na ce, "Gwaggo, gaskiya ne?"

Ta ce, "Ina zan sani? Damina ce, hanya ta yanke, ban isa Gashuwa ba sai ranar suna. Na tarar da ke a ƙirjin waccan."

Waccan ita ce Inna, yayar uwata. Tun da na tashi ban taɓa jin Gwaggo ta kira ta da wani suna ban da wannan ba, kuma ban taɓa ganinta ba. Abin da na sani dangin uwata suna Gashuwa, ba sa zuwa, ba sa aike, ni ma na ɗauke su na ajiye gefe. Yanzu ga shi uwata ta mutu, uwarsa ta mutu, ubanninmu sun mutu, ba wanda ya rage da zai ce e ko a'a sai ita.

Na ce zan je wajenta. Gwaggo ta ce in na je kada in dawo mata gida. Na ce to.

Shi ma da ya zo ran Talata bai so ba. Ya ce ya je wajen wani malami, an gaya masa maganar mace ɗaya, wadda ita ma ji ta yi ba gani ba, ba ta hana aure. Ya ce mu bar abin a inda yake. Ban taɓa jin ya yi doguwar magana irin ta ranar ba.

Na ce, "In mun bar shi, shi zai bar mu? In haifi ɗa in riƙa kallonsa ina cewa ko ɗan yayana ne? Ni ba zan iya ba."

Ya ce, "In kuma aka ce gaskiya ne fa?"

Na ce, "In ji da kunnena."

Ya daɗe yana kallon makullin motarsa. Ya ce zai kai ni. Na ce a'a, wannan tafiyar tawa ce ni kaɗai.

Na shiga motar kasuwa da sassafe. Hanyar a lokacin rabinta yashi ne, bayan Jajimaji sai da muka sauka sau biyu muka tura. Na isa Gashuwa da azahar, ƙafata fari fat, na yi ta tambaya da sunan uwata har wata mai sayar da shinkafa ta nuna mini lungun. Na yi sallama a wani gida mai katangar zana. Wata mata gajera, baƙa, tana tsugune gaban murhun banda tana juya kifi da tsinke. Ta ɗago ta amsa, sai tsinken ya faɗi daga hannunta. Ta kira sunan uwata. Sannan ta rufe bakinta da hannu, don ta tuna shekara ashirin da ɗaya ke nan da binne mai sunan.

Ta rungume ni tana magana da Badanci, ni kuwa Badancina bai wuce gaisuwa ba. Da ta gane, ta koma Hausa, irin tasu mai nauyi. Ta zuba mini ruwa na wanke ƙafa, ta kawo burabusko da miyar kifi, ta zauna tana kallon kowace loma har ta wuce. Ba ta tambaye ni abin da ya kawo ni ba. Ta shiga ba ni labarin da ba wanda ya taɓa ba ni.

Ta ce lokacin da uwata ta rasu, wata huɗu ke nan da ta yaye autanta, nono ya ɗauke. Ta sha sassaƙe, ta sha kunun kanwa har tana amai, tana sa ni a ƙirji ina tsotson banza, har Allah ya kawo ruwan. Ta shayar da ni wata ashirin. Da lokacin yaye ya yi, Gwaggo ta zo daga Nguru ta ce a ba ta ni ta yaye, kamar yadda ake yi, a kai yaro gidan dangi ya manta da nono. Kwana bakwai ta ce. Inna da hannunta ta ɗora ni a bayan Gwaggo, ta ɗaure ni da majanyinta. Kwana bakwai ya wuce, wata ya wuce. Ta bi ni Nguru sau biyu. Na farko aka ce na yi barci. Na biyu Gwaggo ta tsaya a ƙofa ta ce 'ya ta dangin uba ce, ubana kuma ya sunkuyar da kai bai iya musa wa yayarsa ba.

Inna ta ce, "Ina jin kukanki daga cikin ɗaki. Na juya na tafi, ban sake taka Nguru ba."

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Amma abin da ya kawo ni yana nan daram a ƙirjina. Na goge ido na ce, "Inna, kafin nononki ya zo, wa ya shayar da ni?" Na gaya mata komai, da direban, da kayan da ke ƙarƙashin gado, da maganar tsohuwar.

Fuskarta ta canza. Ta ɗauki tsinkenta ta koma gaban murhu. Ta ce, "Ita ta aiko ki?"

Na ce, "Ba ta ma so na zo ba."

Ta ce, "To ki koma ki gaya mata. Wadda ta ari yarinya ta kwana bakwai, ta zo ta mayar da hannunta. Ranar nan a tambaye ni duk abin da ake so."

Na roƙe ta. Na ce aurena ne a hannunta, ni ban ari kowa ba, ni aka ara. Ta yi kunnen uwar shegu da ni, tana ta juya kifin da bai buƙaci juyi ba. Raina ya ɓaci har na ce mata ashe ita da Gwaggo duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Ko a jikinta. Da safe ta ɗaure mini kifi mai kyau a leda, ta raka ni har bakin titi, amma kalma ɗaya ba ta ƙara ba.

Gwaggo da ta ce kada in dawo, ina shiga na tarar ta ajiye mini tuwo a rufe. Ban taɓa shi ba. Na zauna gabanta tana tsince kifi, na ce, "Kwana nawa kika ce za ki yi da ni?"

Hannunta ya tsaya. Ta ce, "Abin da ta cusa miki ke nan."

Na ce, "Kwana nawa, Gwaggo?"

Ta ɗaga hannu kamar za ta mare ni, ban kauce ba. Ta sauke. Ta ce, "Bakwai." Can ta ce, "Ran na shida na haɗa kayanki. Kika riƙe zanina kika ce mini inna. Ba wanda ya taɓa kirana haka. Ita tana da biyar a gabanta, ni ba ko ɗaya. Me kike so in ce miki?"

Na ce ba na son ta ce komai, so nake ta tashi mu je. Ta ce ita da ta durƙusa wa matar nan gara a ɗauki gawarta. Na ce shi ke nan, ba zan yi mata rashin kunya ba, ba zan gudu ba, amma ta sani zan zauna a gidan nan ba aure har in tsufa kamar ta, mu riƙa tsince kifi muna kallon juna. Ta san halina, don ita ta koya mini shi.

Kwana tara muka yi ba mai yi wa wani magana sai gaisuwa. Ina dafa abinci, ina ɗaure kwanduna, in an zo sayen kaya in yi ciniki, in na gama in zauna inda za ta gan ni. Ita ke fara kawar da kai. Ran na goma da safe na ji tana jan tsohuwar adakarta. Ta fito da turmin atamfa, ta aika aka sayo goro, sannan daga can ƙasan adakar ta zaro wani majanyi saƙi, fari da baƙi, ya koɗe ya yi laushi. Ban tambaya ba, na gane shi daga labarin. Ta ce, "Ki gaya wa yaron nan ya zo ya kai mu. Ba zan tura mota a yashi da tsufana ba."

Ran Asabar ya sauke kaya, washegari da sassafe muka bi shi. Tun daga Nguru har Gashuwa Gwaggo na jan carbi tana yi masa faɗa a kan ramuka. Ya tsaya a bakin lungun, ƙarƙashin wata bishiyar maina. Ya ce zai jira a nan.

Inna na tsakar gida tana gyara shinkafa a faifai. Ta gan mu, ba ta tashi ba, ba ta ce lale ba. Gwaggo ta yi sallama ta tsaya. Na zata za ta fara da dogon bayani irin nata, ko ta nemi inda za ta raba laifin biyu. Sai kawai ta ajiye atamfar da goron, ta durƙusa a ƙasa, gwiwoyinta har suna ƙara. Ta kama hannuna ta jawo ni ƙasa, ta ɗora majanyin a kan hannun, ta miƙa wa Inna duka biyun.

Ta ce, "Ga 'yarki, na dawo da ita. Na ce miki kwana bakwai, na ci amanarki. Ki yafe mini don Allah."

Inna ta dubi majanyin. Ta ɗauka ta shinshina. Ta ajiye faifan a hankali don kada shinkafar ta zube, sannan ta ce, "Tashi. Kin girme ni, tashi." Gwaggo ta ce ba za ta tashi ba sai ta ji. Inna ta ce, "Na yafe. Kin raine ta, ga ta nan mutum, har da bakin faɗa." Suka ɗan yi dariya, irin wadda ke gab da kuka.

Ni ban yi dariya ba. Na ce, "Inna, ta zo. Saura ni."

Ta gyara zama. Ba ta kalli Gwaggo ba, ni ta kalla. Ta ce ranar da uwata ta cika a wannan gidan, ita tana ɗaki wajen wankan gawa, ni ina tsakar gida a hannun wata yarinya ina tsala kuka har muryata ta dushe. Makwabciyarsu ta ɗaga zana ta shigo da ɗanta a baya. Ta kwance shi ta ajiye, ta miƙo hannu.

Inna ta ce, "Ni na ɗauke ki na sa mata a cinya. A gabana kika sha har kika yi barci. Kwana huɗu tana zuwa, safe da rana da yamma, ran na biyar nawa ya zo. Uwar yaron nan ce. Ba wata ba ce, ita ce."

Na dafa ƙasa da hannu biyu.

Gwaggo ta matsa ta kama ƙafar Inna. Ta ce, "Shekara ashirin da ɗaya fa. Ko kin manta ne? Ko wata makwabciyar ce? Ki sake tunawa." Na san abin da take roƙo, Inna ma ta sani.

Inna ta ce, "Da ƙaryata za ta halatta shi, wallahi da na yi, in ɗauki zunubin. Ba za ta halatta ba."

Gwaggo ta saki ƙafar. Ta daɗe tana kallon zanar da ke tsakanin gidan da na makwabta. Ta ce, "Da na dawo da ita ran na bakwai, da a nan za ta tashi. Da tun tana rarrafe an ce mata ga yayanki." Ta dafe kai. "Ni na yi wannan. Ni na yi mata." Sai ta fashe da kuka, kukan da ban taɓa jin ta yi ba ko a mutuwar ƙanenta. Inna ta jawo ta jikinta tana cewa ta yi shiru, ƙaddara ce, ita ma da ta aika da saƙo ko sau ɗaya da ba a kai ga haka ba. Suka riƙe juna suna kuka, kowacce tana ƙwace laifin daga hannun 'yar uwarta.

Na zauna ina kallonsu, idona a bushe. Haushinsu nake ji, su biyun. Shekara goma sha tara suna gaba a kaina, yau sun shirya, ni kuma na tashi ba miji. Na ce, "Inna, kin san amsar tun ranar da na fara zuwa. Me ya sa kika bar ni na ƙara kwana goma ina sa rai?"

Ta goge fuska da majanyin. Ta ce, "Da na faɗa miki ranar, da kin fita ba ki sake waiwayar gidan nan ba. Na rasa ki sau ɗaya."

Gaskiya ta faɗa, da ban dawo ba. Ban yafe mata a ranar ba, sai daga baya. Na tambaye ta wasu 'yan abubuwa game da matar, ta ba ni amsa. Gwaggo ta ce bari ita ta je ta gaya wa yaron, aikin manya ne. Na ce a'a. Ni na nace sai an tono, ni zan kai masa.

Yana zaune a motar, ƙofa a buɗe, ƙafa ɗaya a ƙasa. Rana ta yi sanyi, mata suna dawowa daga kogi da tuluna, wasu masunta suna gyaran koma a gindin mainar. Tun daga nesa ya karanta fuskata. Duk da haka na tsaya gabansa na faɗa da bakina, don kada ya rage masa wani abin riƙewa. Na ce kwana huɗu ne, kuma Inna ce ta miƙa ni da hannunta.

Ya ce, "Har yanzu mace ɗaya ce."

Na ce, "Mace ɗaya ce. Shiga ka kalli idonta ka ce mata ƙarya take yi. In ka iya, ni ban iya ba."

Bai motsa ba. Na ce masa ina sonsa yau kamar yadda nake sonsa jiya, ban san yadda ake kashe wannan a wuni ɗaya ba, amma zan koya, shi ma dole ya koya. Na ce kayan da ke ƙarƙashin gado za a mayar wa baffansa ran Talata, a motarsa, kuma ba na son ya daina kawo wa Gwaggo kifi don wannan. Ina magana ina jin muryata kamar ta mai ciniki a tasha. In na sassauta ta kaɗan, na san ba zan kai ƙarshe ba.

Da ya buɗe baki ba maganar aure ya yi ba. Ya ce, "Ta san uwata sosai? Innar taki. Ni fuskarta ma ta ɓace mini."

Na ce ta san ta. Na ce doguwa ce, mai dogon wuya irin nasa, ba ta da yawan magana. Ba wanda ya kira ta ranar, kukana ta ji ta bayan zana ta shigo. Na ce shi yana da shekara ɗaya da rabi, da ta ajiye shi ta ɗauke ni sai ya tashi da tafiyarsa ta tangaɗi, ya samo ludayi, ya zo ya kwaɗa mini a ƙafa. Kullum ta zo sai an riƙe shi.

Ya yi dariya. Dariyar ba ta kai ko'ina ba ta karye, ya kifa kansa a kan sitiyari, kafaɗunsa suna rawa. Masuntan suka ɗago suna kallo, matan tulu suka rage tafiya.

Shekara biyu muna zance a dakali, ko yatsana bai taɓa gogar rigarsa ba. Na matsa, a fili, a gaban mutanen unguwar, na ɗora hannuna a kansa na bar shi a nan. Babu mai ikon cewa komai, ɗan uwana ne. Gashinsa duk ƙurar hanya. Na ce, "Yi kukanka ka gama, sannan ka shigo ka gaida Inna. Tana son ta ga ɗan makwabciyarta."